Wagon Mai Gas Da Ta Ci Kilomita: A Saya Ko A Bari?

Aikina gyaran injin gas ne, kuma tambayar da ta fi yawan zuwa mini a gareji ita ce ta motocin wagon da ake saukewa daga Turai ta Kwatano ko Legas. Mutum zai ga Passat ko Golf ko Fijo 406 ko Marsandi, jiki sumul, baya mai faɗi da zai ɗauki iyali da kayansu, kuɗinta kuma bai kai na mai fetur ba. Sai ya leƙa agogo ya ga kilomita 300,000, gabansa ya faɗi, ya ce: "Malam, in saya ko in haƙura?"

'Yan'uwa, lambar da ke kan agogo ita ce abu na ƙarshe da nake dubawa. Da yawa daga cikin waɗannan wagon ɗin motocin kamfani ne a can, waɗanda ma'aikata ke bin manyan tituna da su daga gari zuwa gari. Injin da ya ɗau zafi yana tafiya da gudu ɗaya na awoyi, ba a taka kuloci, ba a taka birki, bai sha wuyar da injin cikin gari ke sha a cunkoso ba. Ƙaramar lamba ce ma ta fi tayar mini da hankali, domin mayar da agogo baya ba shi da wuya. Motar da ta shekara 15 a duniya, a ce kilomita 90,000 kacal ta yi, alhali sitiyari ya goge, robar feda ta cinye, kujerar direba ta lotsa, wannan agogon an taɓa shi. A Beljiyam, tun 2006 doka ta tilasta wa mai sayar da tsohuwar mota ya ba da takardar Car-Pass, mai nuna kilomitan da aka rubuta duk lokacin da motar ta shiga gareji ko wajen gwaji. In dillali ya ce daga can motar take, ku nemi wannan takarda. Ku duba littafin sabis, da 'yan takardun da ake mannawa a bakin ƙofa ko cikin bonet bayan canjin baƙin mai.

Abin da ya fi kilomita muhimmanci shi ne zamanin injin. Tsofaffin injunan gas, irin 1.9 TDI na Volkswagen ko na Marsandi W124, ƙarfe ne mai haƙuri, ba su da tarkacen lantarki da yawa, kuma in an kula da su suna wuce kilomita 400,000 ba a buɗe su ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma tsarin da famfo ɗaya ke tara gas a bututu da matsin da yakan kai bar 1,600 ko fiye, kwamfuta na raba wa nozul. Daga 2009 kuma dokar hayaƙi ta Euro 5 ta sa kusan kowace motar gas ta zo da matatar toka a cikin salansa, wadda ake kira DPF, bayanta aka ƙaro ruwan AdBlue a zamanin Euro 6. Duk an ƙera su ne don gas ɗin Turai, wanda sinadarin salfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Namu ya daɗe yana ninka haka nesa ba kusa ba. Sai a 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan, kuma takarda daban, abin da ke cikin jarkar ɗan bumburutu daban. Ruwa kaɗan ko gaurayen kalanzir ya isa ya cinye famfo da nozul na sabon inji, kuma kuɗin nozul huɗu da famfo kan iya kusantar rabin kuɗin motar. A nan ne mutane ke gane cewa araha ba ta ado.

Matatar tokar nan ina so a fahimce ta sosai, domin ita ce ta fi kawo mini motoci a kan igiya. Tana tara baƙin hayaƙi, sannan ta ƙone shi da kanta, amma sai inji ya yi zafi a doguwar tafiya. Wanda zirga-zirgarsa daga gida zuwa kasuwa ce, zuwa makarantar yara, ya kashe mota, matatarsa ba za ta samu damar ƙonewa ba. Sai ta toshe, fitila ta kama, ƙarfin mota ya mutu, gas ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi, daga nan tobo ta bi. Wasu sukan fasa matatar su zubar. Ban yarda da wannan ba: hayaƙin da ta hana fita shi ne yaranmu za su shaƙa a bakin titi.

In za ku je ganin mota, ku je da sassafe, kuma ku sa hannu a kan inji kafin a tayar. In kun ji ɗumi, an riga ku, kuma akwai dalili. Lafiyayyen inji yana tashi a bugu ɗaya ko da sanyi. Ku tsaya a baya ku kalli hayaƙi: shuɗi yana nufin tana shan baƙin mai, fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yakan nuna ruwa na shiga ko nozul ya lalace, baƙi kuma gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Sannan a kwance murfin baƙin mai a ɗora shi a bakinsa inji na aiki. In iska na cilla shi sama tana fesar da hayaƙi, ringi sun gaji. A sa na'urar kwamfuta, a hau rami a duba tsatsa, domin gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙasan mota. In akwai ƙugiyar jan tirela a baya, a ƙara lura da giya da kuloci da shokozoba.

Sai batun wanda zai gyara. Kafin ku biya, ku shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ku tambayi kuɗin nozul, tobo da famfon wannan samfurin, ku ji ko ma akwai su. Bakaniken da ya saba da babbar mota ba lallai ya iya ƙaramin injin kwamfuta ba.

To wa zan ce ya saya? Mai doguwar tafiya, irin Kano zuwa Abuja ko Maraɗi zuwa Yamai, mai shan mai a gidan mai guda da ya amince da shi, wanda ya samu tsohon inji mai sauƙi da takardun sabis. Shi zai ga amfanin ƙarancin shan mai ko da litar gas ta fi ta fetur tsada. Mai yawon cikin gari kuwa, don Allah ya nemi mai fetur.

Wanda ya yanke shawarar saye, kada ya ƙarar da kuɗinsa a hannun dillali. Ya ware na sabis ɗin farko tun kafin ya fara hawa: bel ɗin taimin tare da famfon ruwa in injin mai bel ne, ko da an rantse masa sababbi ne, domin in bel ya tsinke bawul da fistin ne za su haɗu, sai baƙin mai irin wanda kamfani ya rubuta, da filtar gas da ta iska. A wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske maimakon ruwan rijiya, kuma kada a bari kowa ya cire tamostat da sunan zafin ƙasarmu.