Ɗalibin Ilmin Halitta a Wurin Koyon Aiki

A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a ƙasarmu. Daga Kachia har Kagarko, daga Jaba har Jama'a, ganye ya yi rawaya ya bushe, in an tona ƙasa sai a iske saiwar ta ruɓe. Gonar mahaifina kusa da Kwoi ba ta tsira ba. Shekara ta kewayo aka aike ni gwajin koyarwa a wata makarantar sakandare nan kusa da Kafanchan, darasin da ya faɗo mini kuwa na funfuna ne da danginta. Na zana sura a allo, na jera sunaye na Latin, yara suka kwafe. Sai wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan ce ta cinye mana citta? In ita ce, ƙaƙa aka gane?" Na ba shi amsa irin ta littafi, ya zauna. Amma ni da shi duka mun sani ban taɓa ganin abin da idona ba.

Wannan tambaya ce ta sa na shiga binciken yadda ake aika ɗaliban ilmin halitta na jami'a su koyi aiki a waje, gama yaran da za mu koyar, waɗansunsu nan za su bi, mu ne kuwa za su fara tambaya.

Ga asalin abin a taƙaice. A 1971 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar asusun horon ma'aikata, wadda ake kira ITF, hedkwatarta tana Jos. Masu ma'aikatu suna kuka cewa waɗanda suka fito daga manyan makarantu sun san magana, hannunsu bai san aiki ba. Don haka a 1973 hukumar ta ƙago shirin da ake kira SIWES, watau a fitar da ɗalibi daga aji a ajiye shi a wurin aiki na ainihi kafin ya gama karatu. A 1979 an miƙa shirin ga hukumomin da ke lura da jami'o'i da kwalejojin fasaha, a 1984 aka komo da shi hannun ITF. Ɗalibin kimiyya na jami'a yakan yi wata shida, galibi a shekararsa ta uku. Ana ba shi littafi da zai riƙa rubuta aikin kowace rana, shugabansa na wurin aiki ya sa hannu mako mako, malami daga jami'a ya zo ya duba shi. Akwai ɗan alawus, amma shekaru da yawa bai wuce naira 2,500 a wata ba, sau da yawa kuma sai an gama a biya. Kada kowa ya tafi da niyyar ci daga wannan.

To, ina ɗan ƙasarmu zai nufa? Mu mutanen kudancin Kaduna mun yi sa'a fiye da yadda muka sani. Hau dutsen Jos, ga Vom, inda aka zaunar da binciken cututtukan dabbobi tun 1924. Can aka yi ta haɗa allurar rigakafin bushiya, cutar da ta karkashe shanu a ƙasar Hausa da Borno a zamanin kakanninmu, wadda aka yi shelar ƙarewarta a duniya duka a 2011. A Kaduna akwai cibiyar binciken sammore da ciwon barci, tana da reshe a Vom, tana kuma aiki a kan makantar da ake samu a bakin rafi. A Samaru ta Zariya an fara gonar gwaji a 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da harabarta nan Kafanchan. Ban da waɗannan akwai ɗakunan gwaji na asibitoci, da ma'aikatan daji na Nimbia, da ma'aikatar ruwa.

Bari in komo ga tambayar yaron nan, domin ita ce za ta nuna abin da wata shida ke koya wa mutum. Wanda ya yi aiki a ɗakin binciken cututtukan shuka ya faɗa mini yadda ake yi. Ba a ɗauko saiwar da ta riga ta narke ba, gama wannan kowace irin ƙwaya ta shiga cikinta ta ci rabonta. Ana yanko ɗan guntu daga iyaka, inda lafiyayyen nama ya gamu da mai ciwo. A wanke bayansa da ruwan magani mai kashe ƙwayoyi, a ɗauraye da ruwan da aka dafa, a ɗora shi a kan wani abinci mai kama da daskararren kunu, wanda aka haɗa da dankalin Turawa da sukari a cikin ɗan faifan gilashi mai murfi. Shi abincin nan sai an dafa shi cikin tukunyar tururi, zafi digiri 121, minti 15, kafin a zuba. Bayan 'yan kwanaki sai wani abu kamar auduga ya tsiro daga guntun. A ɗebi kaɗan a sake shukawa a sabon faifai, har a sami iri guda tsantsa, sa'an nan a duba ƙirarsa da madubin likita.

Har yanzu ba a gane ba tukuna. Mai gaggawa a nan yakan yi kuskure. Samun funfuna a jikin citta mai ciwo bai nuna ita ce ta kawo ciwon ba, kamar yadda samun ungulu a kan mushe bai nuna ita ta kashe jakin ba. Tilas a ɗauki wannan da aka raina a faifai a sa wa lafiyayyar citta da aka shuka a tukunya, a bar wata tukunyar ba a sa mata kome ba. Kadan wadda aka sa wa ta kamu da irin ciwon nan, ɗayar ta zauna lafiya, sai a sake yanko guntu daga mai ciwon a ga ko funfunar farko ce ta sake fitowa. Wannan ƙa'ida ta wani likita ce Bajamushe, Robert Koch, tun ƙarni na 19. Na haddace ta don jarrabawa, na ci, amma ban san nauyinta ba sai da aka gaya mini faifai nawa ke lalacewa don mutum ya yi magana ko ya yi numfashi a kansu suna buɗe.

Haka yake a ɗakin gwaji na asibiti. Kowa a cikinmu ya zana ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a littafi, babba, mai kyan zobe. A kan gilashi ba haka take ba. Ana ɗiga jini wuri biyu, ɗaya mai kauri don a ga ko ƙwayar tana nan, ɗaya a ja shi siriri don a san irinta. Siririn ana kafe shi da barasar gwaji kafin a rina, mai kaurin ba a kafe shi ba, wanda ya juya wannan ya ɓata aikin. A rina da shuni na Giemsa, a ɗiga mai, a duba da madubin da ke ƙara girma sau 1,000. Sabon shiga yakan ga ƙurar shuni ya ce ƙwaya ce. Sai ya duba gilashi da yawa, da gwani a gefensa yana cewa "wannan ita ce, wannan ba ita ba ce", kafin idonsa ya waye. Ga kuma abin da littafi bai cika faɗa ba: fitsarin da za a nemi ƙwan tsagiya a ciki na tsakar rana ake so, tsakanin ƙarfe goma da ƙarfe biyu, lokacin da ƙwan ya fi fita.

Wanda ba ya son zaman ɗaki, rafukan da ke gangarowa daga duwatsu suna jiransa. Ɗan baƙin ƙudan da ke kawo makantar rafi a ruwa mai gudu yake haihuwa, tsutsotsinsa suna manne da duwatsu da ganyayen da ruwa ke kaɗawa. Tun 1987 kamfanin Merck yake ba da maganin Mectizan kyauta. Maganin yana kashe 'ya'yan tsutsar da ke yawo a fata, ba ya kashe uwar, ita kuwa takan rayu shekara goma ko fiye a jikin mutum. Shi ya sa ake rabawa shekara shekara ba fashi. Ɗalibin da ya bi masu rabon nan ƙauye ƙauye zai koyi abin da ba a gwada shi da madubi, watau yadda za ka shawo kan dattijon da ya ce shi lafiyarsa ƙalau, don me zai sha magani.

Amma kada in yi muku zaƙin baki. Wurare masu kyau kaɗan ne, masu nema da yawa. Wana, ɗan baffana, ya makara wajen nema, ya ƙare a wani ƙaramin ɗakin gwaji na kuɗi a cikin gari. Wata shida yana shara, yana karɓar kuɗi, ana aikensa sayen abinci. Madubin guda ɗaya ne, mai wurin ba ya yarda a taɓa. Ran da zai tafi aka sa masa hannu a littafin duka a zama ɗaya, ya cika shi da abin da ya kwafo daga na abokinsa. Malamin da aka ce zai zo dubawa bai zo ba. Ya sami maki mai kyau. Ni a ganina laifin kashi uku ne, kashi ɗaya nasa ne, gama ya ga yadda wurin yake tun makon fari, ya yi shiru don wurin yana kusa da gida, ba kuɗin mota ba kuɗin ɗaki. Ban ce wannan ƙaramin dalili ba ne. Zaman Vom ko Zariya wata shida kuɗi ne, a shekarar da citta ta mutu kuwa iyaye da yawa ba su da shi.

Saboda haka ga abin da zan gaya wa duk ɗalibina da ya kai wannan mataki. Ya karɓi takardar neman wuri daga ofishin SIWES na makarantarsa da wuri, ya kai da ƙafarsa, kada ya aika. In ya je ya roƙa a nuna masa ɗakin aikin, ya tambaya wa zai koya masa, me kuma za a bar shi ya yi da hannunsa. Ya nemi ɗan'uwa ko ɗan garinsu da zai sauka wurinsa tun kafin lokaci. Littafin nan kuma ya rubuta shi kowace yamma, har da abin da ya lalace da dalilin lalacewarsa, gama faifan da ya ɓaci shi ma darasi ne, shi ne kuwa ba a iya kwafowa daga na wani.

Mu da za mu zama malamai, ba dukanmu za mu ga Vom ko Samaru ba. Ni dai na roƙi izini a wani ɗakin gwaji, na yi mako uku na hutun da ya wuce ina wanke faifai da kwalabe, a bakin ladan su nuna mini yadda ake shuka guntun saiwa. Faifaina shida na fari duka sun ɓaci. Na bakwai ya fito da fari guda tsantsa. Na ɗauki hotonsa, na kuma nemi sunan yaron nan a rajistar aji, domin in an koma makaranta in kai masa, in gaya masa kuma saura gwajin tukunya biyu, wanda ban yi ba tukuna.