Darasi: Malamin da Yake Rubutu Shi Ne Yake Girma

Karatu: Markus 4:1-9 da Luka 1:1-4



Darasinmu na wannan wata ya shafi dukanmu masu tsayawa gaban aji, ko a makarantar firamare, ko a ajin katikisma, ko kuwa a ajin yaƙi da jahilci na manya a ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi. Jigonsa shi ne, malamin da yakan zauna bayan an tashi ya rubuta abin da ya gani a ajinsa, mutum biyu yake koyarwa: ɗalibinsa da kansa.

Aji gona ce

Mu mutanen ƙasar auduga da masara ne. Manomin kirki a Bakori ko Ƙafur ya san gonarsa ciki da bai: inda ruwa ke kwanciya, inda wuta-wuta ke cin dawa, da inda taki bai kai ba. A misalin mai shuka, Ubangiji ya nuna mana iri ɗaya ya faɗi a wuri huɗu, wato bakin hanya, kan duwatsu, cikin ƙaya da ƙasa mai kyau. Iri bai sake ba, ƙasar ce ta bambanta.

Haka ajinmu yake. Wani yaro ya zo bai karya kumallo ba. Wata yarinya sai da ta gama talla ta iso. Da damina benci yakan zama wayam saboda noma, da kaka kuma saboda cirar auduga. Tun watan Disamba na shekara ta 2020, lokacin da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, an ƙara mana wani nauyi, domin akwai iyayen da gabansu ke faɗuwa duk sa'ad da yaro ya kama hanyar makaranta. Yaron da ya yi mako biyu bai zo ba, malami kuma bai lura ba, mai yiwuwa ne ya tafi ke nan. Ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe yara hamsin, amma takarda tana iyawa.

Abin da Waliyi Agustin ya koya mana

Wajen shekara ta 400, wani dikin mai suna Deogratias a birnin Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta wa Waliyi Agustin, Bishop na Hippo. Kukansa irin namu ne: yana koyar da masu neman baftisma, amma maganarsa ta fara gundurar shi kansa. Agustin ya amsa masa da ɗan littafi guda. A ciki ya zana abubuwan da ke kashe wa malami jiki, kamar maimaita abu ɗaya kullum, da mai sauraro wanda ya yi shiru ba a san ko ya gane ba, da damuwar da malami ya ɗauko daga waje. Ya ba da shawara cewa in mai sauraro ya fara hamma, a farkar da shi da magana mai daɗi, in gajiyar tsayuwa ce a ba shi wurin zama. Ya kuma kwatanta koyarwa da zagayawa da baƙo cikin garin da ka saba da shi: murnar baƙon takan sa kai ma ka ga garin kamar sabo.

Ina Agustin ya samo wannan hikima? Ya lura da fuskokin masu sauraronsa, ya lura da zuciyarsa, sa'an nan ya rubuta. Kusa da ƙarshen ransa, wajen shekara ta 427, ya zauna ya bi littattafansa 93 ɗaya bayan ɗaya yana gyara su. Babban malami ne, amma bai daina zama ɗalibi ba har rasuwarsa a shekara ta 430.

Yadda za mu yi

Ba a bukatar kuɗi mai yawa. Littafin rubutu ɗaya da biro sun isa, da minti goma kafin mu bar aji, gama da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Mu rubuta abu huɗu:

1. Me muka koyar yau, wane misali ne kuma ya shiga kunnen yara?
2. Wa ya gane, wa ya yi shiru, wa bai zo ba?
3. Wace tambaya aka yi mana wadda take bukatar ƙarin nazari?
4. Me za mu sake gobe?

Mu rubuta da Hausar da muke koyarwa da ita. A ƙarshen wata mu karanta abin da muka tara. A nan ne mutum zai ga cewa fushinsa ya fi yawa ranar da bai shirya darasi ba, ko kuwa yaran gaba kaɗai yake tambaya, na baya sun zama 'yan rakiya. Wannan binciken zuciya ne, kuma daga gare shi haƙuri da tawali'u suke tsirowa. Wasiƙar Yakubu 3:1 ta gargaɗe mu cewa shari'ar masu koyarwa za ta fi tsanani. Sai dai mu tuna, sirrin yaro da na gidansu amana ne. Littafin nan ba na ajiyewa a kan tebur ba ne.

Gādo ga na baya

Waliyi Luka ya bi diddigin labari daga shaidun gani da ido, ya rubuta shi bi da bi, shi ya sa muke da shi yau. Tsofaffin katikis da suka sami horo a Malumfashi, suka zaga ƙauyuka a kan keke suna koyar da karatu da addu'a, da yawansu sun tafi da hikimarsu a ka. A shekara ta 2023 aka kafa Dayosis na Katsina daga cikin na Sakkwato, da Bishop Gerald Mamman Musa a matsayin makiyayinsa na fari. Sabon gida yana bukatar rumbu. Abin da muka rubuta bana, shi ne irin shukar malaman baɗi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane yaro ne ya daina zuwa ajinmu a wannan zango, wa kuma ya je gidansu?
2. Cikin abubuwan da Waliyi Agustin ya zana, wanne ne ya fi kashe mana jiki?

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu, Malaminmu, ka ba mu idon lura da hannun rubutu, ka tsare 'ya'yanmu a hanyar makaranta, ka sa mu girma tare da waɗanda ka danƙa mana. Amin.