Tsimin Lantarki da Iskar Cikin Ofis a Abuja

Tun da aka mayar da mazaunin Gwamnatin Tarayya Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, dogayen gine-ginen gilashi suka yi ta tashi a tsakiyar birnin. Da aka ƙara wa masu rukunin A kuɗin lantarki a watan Afrilun 2024, toshe tagogi da kafofi don kada sanyi ya tsere ya ƙara zama dabarar rage ɗawainiya.

Sai dai tsimin yana da tasa hasarar. Na'urar sanyaya ɗaki da ake kafawa a bango ba ta shigo da sabuwar iska, ta cikin take juyawa. Numfashin ma'aikata da warin fenti da na gam ɗin sababbin kujeru sai su taru. A waje iskar kabon dayoksaid kimanin kashi 420 ce cikin miliyan. Idan ta haura 1,000 a ɗaki, alama ce sabuwar iska ta yi ƙaranci. Abin da kan biyo baya shi ne ciwon kai da kasala, aiki kuma ya ja baya, albashi kuwa ya fi kuɗin wuta nauyi.

Ƙasashen Turai da Amurka sun ɗanɗana haka bayan rikicin man fetur na 1973. A 1984 wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ana iya samun irin wannan koke a kashi 30 cikin 100 na sababbin gine-gine da waɗanda aka gyara.

Ya kamata mai neman hayar ofis ya tambayi ta inda iska ke shiga, da lokacin da ake wanke matatanta, musamman da hunturu. Janareta kuwa a nisanta shi daga taga, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kuma kisa.