ƘURZUNU A JIKIN YARA

Mu iyaye, idan mun ga ƙurzunu ya fito a hannun yaro, hankalinmu ya kan tashi. Waɗansu su ce kuturta ce ta soma. Waɗansu su ɗauki reza su yanke, ko su ƙone wurin da ƙarfe mai zafi. Bari mu koyi gaskiyar abin nan, domin kada mu cuci 'ya'yanmu.

Me ke kawo shi?

Wata ƙwayar cuta ce, ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda likitoci ke kira HPV. Ta kan shiga inda fata ta ƙuje ko ta tsage. Ta kan yi watanni tukuna ƙurzunun ya bayyana. A shekara ta 1907 wani likita na ƙasar Italiya, Giuseppe Ciuffo, ya sa wa kansa tataccen ruwan ƙurzunu, ya kuwa fito masa. Da haka ya nuna ana ɗaukarsa.

Ƙaƙa likita ya ke gane shi?

Da ido. Ƙurzunu tsiro ne mai kaushi, sau da yawa da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a ciki, wato ƙananan jijiyoyin jini da suka toshe. Na tafin ƙafa ya kan nutse ciki, ya yi zafi in an matsa shi daga gefe. Kuturta dabam ta ke: tabo ne mai haske a fata, wanda ba ya jin taɓawa.

Me za mu yi?

1. Mu yi haƙuri, gama a wurin yara kamar kashi 2 cikin 3 su kan ɓace da kansu cikin shekara 2, ba tabo.
2. Kada mu yanke, kada mu ƙone. Yanka ya kan baza cutar, ya bar miki.
3. Mu hana yaro sosa da cizon farce. Kowa ya riƙe tawul nasa.
4. In yana ciwo, akwai maganin shafawa mai suna salisilik asid. A jiƙa wurin a ruwan ɗumi, a goge matacciyar fata, sa'an nan a ɗiga bisa ƙurzunun kaɗai, kowace rana har mako 12. Ba a sa shi a fuska. A waɗansu asibitoci a kan daskarar da ƙurzunu da ruwan naitirojin, amma da zafi, ba a cika yi wa ƙananan yara ba.

Yaushe za mu tafi asibiti?

In ya fito a fuska, ko a al'aura, ko a dubura. In yana zub da jini, ko yana hana tafiya. In ya yi yawa yana ta bazuwa, gama wani lokaci alama ce garkuwar jikin yaron ta raunana, sai likita ya bincika dalili.

Kada mu hana yaron nan makaranta, kada kuma mu bari 'yan'uwansa su yi masa ba'a.