Amsar Tambaya: Duba Kayan Tarihi Kafin a Fara Gini

Tambaya: Me ya sa ake cewa mai son yanka filaye ko fitar da hanya a Tchibarakaten ya fara sa a duba kayan tarihi?

Amsa: Wannan bincike auna ɓarnar da aiki zai yi wa kayan gado ne tun yana kan takarda, kafin katafila ta taɓa ƙasa. Masana kan taka filin da ƙafa, su rubuta abin da suka tarar, su faɗi darajarsa, sannan su ba da shawara: a karkatar da hanya, a matsar da gini, ko a tono abin a tsanake a adana.

Tchibarakaten ta fi wurare da yawa buƙatarsa. Zinarin da aka gano a can a 2014 ya tara dubban mutane cikin gaggawa, rumfuna suka riga tsari zuwa. A hamadar Agadas kuwa, inda Tchibarakaten take, tarihi yakan kwanta ne a sarari: fasassun tukwane, kan kibiya na dutse, kaburbura masu tulin duwatsu waɗanda direba zai ɗauka tsibin banza ne ya kwashe don aza harsashi. Da zarar an gusar da su, labarinsu ya tafi, ko da an mayar.

A tsohon garin Agadas, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013, damuwar daban ce: siminti da dogayen benaye kusa da hasumiyar laka mai tsawon mita 27.

Dokar Nijar ta 1997 ta kare irin waɗannan kaya. Wanda ya ci karo da su ya bar su a wurin, ya ɗauki hoto, ya sanar da hukuma.