Amsoshin Tambayoyinku: Naɗaɗɗiyar Taba Mai Sauƙi

Wannan wasiƙa daga Kaduna take. Wani mai sauraronmu na tambaya: cikin manyan naɗaɗɗun tabar nan irin na ƙasar Kyuba, wacce ce mai sauƙi ga sabon shiga?

To Malam, mun gode. Ƙarfin wannan taba daga ganye yake. Ganyen saman tsiro, wanda ya fi shan rana, shi ya fi ƙarfi. Masu neman sauƙi kan nemi mai bawo fari-fari da ake kira Connecticut, ganyen da ake nomawa a inuwa.  Tabar Jamhuriyar Dominika, kamar Macanudo, ta shahara da sauƙi. Ta Nikaraguwa kuwa galibi ta fi yaji. Kowacce ka zaɓa, ba a zuƙar hayaƙinta zuwa huhu, kuma da yunwa tana sa jiri.

Amma Malam, sauƙin a ɗanɗano ya tsaya. Babba guda na iya ɗauke da ganyen taba kwatankwacin kwalin sigari, kuma ko ba a haɗiye hayaƙin ba, tana jawo sankarar baki da maƙogwaro. In ba ka fara ba, shawararmu kada ka fara.