BABI NA TARA: CIRE WANI SASHE NA RUBUTUN HAUSA A HARSHEN SARRAFA KWAMFUTA

9.0 Gabatarwa

Malamin Hausa na wannan zamani ba alli da allo kaɗai ne kayan aikinsa ba. Rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa da jerin kalmomin darasi duk sun koma cikin kwamfuta. A birnin Kaduna, inda Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa take tun 1976, da Gidan Arewa mai adana takardun tarihi tun 1970, rubutun Hausa da ke bukatar shiga na'ura ba kaɗan ba ne. Wannan babi zai duba aiki guda daga ayyukan sarrafa rubutu, wato cire wani sashe daga jerin haruffa. Manufa ita ce ɗalibi ya gane cewa yadda kwamfuta take ƙirga haruffa daban yake da yadda masanin Hausa yake ƙirga su.

9.1 Ma'anar Jerin Haruffa

Jerin haruffa shi ne duk wani rubutu da aka killace tsakanin alamun zance aka miƙa wa kwamfuta, ko kalma ce, ko suna, ko jimla. Kowane harafi yana da gurbinsa, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma ƙirgen gurabe daga sifiri yake farawa. A kalmar "gida", harafin g yana gurbi na 0, a kuwa yana gurbi na 3.

Harsuna biyu ne suka fi shahara wajen gina shafukan intanet: PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, da JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a wannan shekara. Yawancin misalan babin daga PHP suke.

9.2 Hanyoyin Cirewa

Hanyoyin cirewa iri biyu ne.

(a) Cirewa ta gurbi. A nan ana gaya wa kwamfuta inda za ta fara yanka. A ɗauka wani malami a Kawo yana da jerin adireshin ɗalibansa, kamar Unguwar Rimi da Unguwar Sarki da Unguwar Dosa, yana son ya zubar da kalmar farko:

substr("Unguwar Rimi", 8)

Sakamakon shi ne "Rimi", domin "Unguwar" haruffa bakwai ne, tazara ta cike na takwas. Haka nan ana iya yankewa daga ƙarshe ta amfani da lamba mai alamar ɗebewa:

substr("gidan", 0, -1)

Wannan zai bayar da "gida", wato an cire harafin nasaba.

(b) Cirewa ta musanya. A nan ana ambaton abin da ake son cirewa, a maye gurbinsa da babu:

str_replace("Unguwar ", "", "Unguwar Dosa")

Amfanin wannan hanya shi ne ba ta bukatar ƙirge. Illarta kuwa, tana share abin a duk inda ta tarar da shi. Wanda ya nemi cire ɗafa-ƙeyar jam'i "ai" daga "aikin malamai" zai wayi gari da "kin malam", domin na'ura ba ta san bambancin ɗafi da saiwar kalma ba. A JavaScript, umarnin replace wurin farko kawai yake taɓawa idan rubutu zalla aka ba shi, don haka a 2021 aka ƙara replaceAll domin share dukkan wurare.

9.3 Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya

Tun shekarun 1930 rubutun boko na Hausa yake amfani da ɓ da ɗ da ƙ. Tsohon tsarin ASCII, mai alamomi 128, bai tanadar musu gurbi ba. Tsarin Unicode ne ya ba kowannensu lambarsa, sannan tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, ya zama hanyar da aka fi adana su.

A UTF-8, harafi irin su a ko b yana cin ma'auni guda na ajiya, wanda ake kira bayit. Amma ɓ da ɗ da ƙ da manyansu, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar, kowanne bayit biyu yake ci. Shi kuwa umarnin substr bayit yake ƙirgawa, ba harafi ba. Don haka a wurinsa kalmar "ƙasa" tsawonta biyar ne. A dubi wannan:

substr("Ɗanladi", 3)

Mai rubutun yana sa ran samun "ladi", sai ya sami "nladi", domin Ɗ ya cinye gurbi biyu. Mafi muni, idan aka nemi harafin farko kawai domin taƙaita suna, za a tsaga Ɗ gida biyu, sai wata baƙar alama mai ɗauke da ayar tambaya ta bayyana a madadinsa. Irin wannan kuskure kan iya bin sunan yaro daga rajista har zuwa takardar sakamakonsa.

Maganin shi ne amfani da umarnin da ke ƙirga haruffa:

mb_substr("Ɗanladi", 3)

Wannan zai bayar da "ladi". Tun daga PHP 5.6 na shekarar 2014, UTF-8 ne tsarin da harshen yake ɗauka idan ba a ambaci wani ba. A JavaScript kuwa, umarnin slice yana ɗaukar kowane harafi mai ƙugiya a matsayin gurbi guda.

Wasu kan guje wa matsalar ta hanyar zubar da ƙugiya baki ɗaya. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin "ƙafa" za ta koma "kafa", "ɓata" ta koma "bata", "ƙarya" kuma ta koma "karya".

9.4 Matsalar Tagwayen Baƙaƙe

Akwai abin da ko mb_substr ba zai warware ba. A ƙa'idar Hausa, sh da ts da ky da gw da ƙw da 'y kowanne sauti guda yake wakilta, amma kwamfuta alamomi biyu take gani. Idan aka umarce ta da cire baƙin farko na "tsaki", za ta bar "saki", kalmar da ma'anarta ta yi hannun riga da ta farko. "Shanu" na Unguwar Shanu zai koma "hanu". Saboda haka wajibi ne a tanadar wa na'ura jerin tagwayen baƙaƙe, ta fara duba ko kalma da ɗayansu ta fara kafin ta yanke. Wannan jeri kuwa masanin harshe ne ya fi cancanta ya samar da shi.

9.5 Kammalawa

An ga cewa ana cire sashen rubutu ta gurbi ko ta musanya, kuma kowace hanya tana da inda take tuntuɓe. Kwamfuta tana ƙirga bayit ko alama, Bahaushe kuwa sauti da ma'ana yake ji. Ya kamata malami ya jarraba duk wata manhajar da za a shigar da sunayen ɗalibansa da suna mai ƙugiya tun kafin a fara aiki da ita, ya kuma nuna wa mai tsara ta inda gyara yake.

9.6 Auna Fahimta

1. Me ake nufi da jerin haruffa? Kawo misalai uku.
2. Bayit nawa kalmar "ɗaɗɗoya" take ci a tsarin UTF-8?
3. Mene ne sakamakon cire "ma" ta hanyar musanya daga kalmar "mamaki"?
4. Kawo kalmomi biyar da ma'anarsu kan sauya idan an zubar da ƙugiya.
5. Tsara cikakken jerin tagwayen baƙaƙen Hausa, kamar yadda za a miƙa shi ga mai tsara manhaja.